Shari'a ta ɗauke masa alƙalami, mu kuma mun sa masa mari



Ya kai ɗan'uwa mai karanta wannan saƙo, ko a Maraɗi kake, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, ina roƙonka ka tuno da mutumin nan da kake giftawa a hanyarka ta zuwa masallaci. Kowace unguwa tana da nata. Yana zaune a gindin bango ko a bakin kwata, tufafinsa sun yage, yana magana shi kaɗai, yara na binsa da waƙa da jifa. Ka san sunansa? Ai yana da suna. Ran da ya cika kwana bakwai an tara jama'a, an yanka rago, liman ya yi addu'a, an raɗa masa suna kamar yadda aka raɗa maka. Yau duk unguwa ba mai kiransa da shi, sai dai a ce mahaukacin bakin kasuwa.

Wannan shi ne wanda ido ke gani. Waɗanda ba a gani sun fi shi yawa. Akwai wanda aka kulle a ɗakin bayan gida shekara da shekaru, ana miƙa masa tuwo ta ƙarƙashin ƙofa, in baƙo ya tambaya a ce ya tafi ci-rani. Akwai matar da ta daina dariya tun da ta haihu. Akwai magidancin da yake sahun farko a kowace salla, amma ya yi wata biyu bai runtsa ba, kuma ya gwammace ya mutu da abin a ciki da a ce wane ya taɓu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, wato kusan mutum miliyan 970. Ka ƙirga sahun da ka tsaya cikinsa ran Juma'ar da ta wuce, ka ga abin da wannan lissafi yake nufi.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wani labari daga ƙasar da ba tamu ba. Ƙungiyar Rotary, wadda aka kafa a birnin Chicago na Amurka a 1905, ƙungiya ce ta ƴan kasuwa da ma'aikata masu aikin sa kai, an fi saninta da yaƙi da cutar shan inna, tana kuma da reshe a Yamai. A zangon 2023 zuwa 2024 shugabanta na duniya wani likitan haƙori ne ɗan Sikotland, Gordon McInally. Da ya hau, sai ya sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin manyan abubuwan da zai tsaya a kansu, kuma bai ɓoye dalilinsa ba: ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya kashe kansa a 2014 bayan fama da ciwon damuwa. Mutumin ya tsaya gaban taro ya faɗi abin da yawancinmu za mu rufe da tabarma har kabari. Daga nan rassan ƙungiyar a ƙasashe da dama suka shiga shirya zaman faɗakarwa, suna gayyato likitoci, suna koya wa mutane alamomin ciwon da inda za a kai mai shi, suna kuma yaƙi da kunyar da ke hana a yi magana.

Na san abin da wani zai ce, kuma ba zan kauce masa ba. Malamai da dama sun yi magana a kan asalin irin waɗannan ƙungiyoyi, wasu ma sun hana shigarsu. Ni ba kiranka nake ka yanki katinsu ba. Tambayata ita ce: mutanen da suke haɗuwa sau ɗaya a mako a kan teburin abinci sun ga wannan aiki ya wajaba a kansu, to mu da muke haɗuwa sau biyar a yini kafaɗa da kafaɗa, me ya hana mu? Masallaci ya fi kowace ƙungiya yawan mambobi a unguwarku. Ba ya neman kuɗin rajista, ba ya zuwa hutu, ya san wanda ya zo da wanda bai zo ba. Muna da ƴan agaji masu tsare sahu ran idi, muna da kwamitin gyaran rufi da na sayen tabarmi. Na daɗe ina neman masallacin da yake da mutum uku da aka ɗora wa lura da masu wannan larura, ban samu ba tukuna, kuma zan yi murna in wani ya aiko ya ƙaryata ni.

Abin mamakin shi ne, addininmu ya riga kowa gyara wa wannan bawa matsayinsa. Malaman usulu sun lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo domin ta kiyaye su: addini, rai, hankali, zuri'a da dukiya. Hankali yana cikinsu, shi ya sa aka haramta duk abin da ke gusar da shi. Wanda kuwa hankalinsa ya gushe saboda ciwo, an ɗauke masa alƙalami har ya dawo hayyacinsa. Ba a binsa salla a wannan hali, sakinsa ba ya aukuwa, cinikinsa ba ya ƙulluwa, ba a tsayar masa da haddi. Dukiyarsa tana nan tasa, waliyyinsa ne zai riƙe masa amana, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi har zakka ake fitarwa daga cikinta, domin dukiyar Musulmi ce cikakke. Gadonsa ba ya faɗuwa. In ya rasu a yi masa wanka, a sallace shi, a kai shi maƙabartar Musulmi. Ka duba yadda aka sauke masa nauyi aka bar masa haƙƙi. Mu sai muka juya abin: muka ƙwace haƙƙin, muka ɗora masa laifin. Gonaki nawa ne ƴan'uwa suka rabe a tsakaninsu da hujjar cewa ai mai ita ba ya cikin hankalinsa? Wannan cin dukiyar mai rauni ne, ko da mai cin yana da saye a goshi.

Magabata ba su tsaya ga hukunci kaɗai ba. Asibitin da Ahmad bin Ɗulun ya gina a Misra wajen shekarar 872 yana karɓar masu taɓin hankali. Babban asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 shi ma haka, kuma da dukiyar waƙafi ake ciyar da majinyata. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdan wal Anfus, ya ware wani sashe nasa ga cututtukan rai: tsoro, fushi, baƙin ciki da waswasi. Ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda ke sauko wa mutum ba tare da ya san sababinsa ba, ya ce na biyun yana da tushe a jiki kuma yana bukatar magani. Shekara fiye da dubu ke nan. Duk wanda ya ce maka zancen ciwon damuwa kayan Turawa ne, ka tambaye shi ko ya taɓa jin wannan suna.

A nan zan ɗan tsaya, domin akwai wata kalma da take kashe mutane a hankali, kuma daga bakin mutanen kirki take fitowa. Mutum ya yi ƙarfin hali ya ce maka zuciyarsa ta yi nauyi, ba ya jin daɗin komai, barci ya ƙaurace masa, sai ka ce masa rashin tawakkali ne, ya ƙara imani. Kai a ganinka nasiha ka yi. Shi kuwa ya zo da ciwo ɗaya ya koma da biyu, domin yanzu ya ƙara da zargin kansa a kan addininsa. Shin Annabi Yaƙuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, raunin imani ne ya sa shi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har ganinsa ya tafi? Shekarar da Nana Khadija, Allah ya yarda da ita, da Abu Ɗalib suka rasu, malaman sira ba Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta ba? Zikiri da salla da karatun Alƙur'ani suna sanyaya zuciya, wannan ba mai jayayya a kai. Amma mai ciwon suga ma yana zikiri, kuma ba wanda ya taɓa ce masa ya ajiye allurarsa don ya nuna ya dogara ga Allah. Ƙwaƙwalwa gaɓa ce kamar hanta da ƙoda, tana ciwo, ana kuma yi mata magani.

Sai batun aljanu. Mun yi imani da samuwarsu, rukiyya kuma da ayoyin Allah da addu'o'in da suka tabbata halal ce. Abin da nake ƙi shi ne a mai da kowane ciwo iska tun kafin a bincika. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai yana sa yaro sambatu. Sanƙarau, da muka sani sarai a lokacin zafi, yana rikita hankali. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce da ake shawo kanta da ƙwayoyi masu sauƙin kuɗi, ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa mai ita, amma har yau in mutum ya faɗi sai jama'a su watse su bar shi kusa da wuta ko rijiya. Kowane mako da aka ɓata ana yawo daga wannan mai magani zuwa wancan, ana sayar da akuya da buhun hatsi, ciwon ƙara kama jiki yake. Ka yi tofi, ka yi addu'a, ka kuma ɗauke shi zuwa wurin likita a rana guda. Ba inda aka ce sai ka zaɓi ɗaya.

Duka da ɗauri kuwa, ba su da wani uzuri. A watan Satumba na 2019 ƴan sanda a Kaduna suka buɗe wani gida a unguwar Rigasa suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, da yawa da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Bayan ƴan makonni aka samu irinsa a Daura, wadda ba ta da nisa da iyakarmu. Abin da ya fi ciwo shi ne iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna zaton gyara ake yi. Kada ka yi saurin zagin iyayen. Uwar da ɗanta ke fasa kaya yana zare wuƙa cikin dare, ba likita a kusa, maƙwabta sun rufe ƙofofinsu, me kake so ta yi? Sarƙar da ke ƙafar yaron, rabin nauyinta na wuyan unguwar da ta bar gidan shi kaɗai. A farkon 2023 Najeriya ta sanya hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Doka abu ne mai kyau, sai dai doka ba ta shiga ɗakin bayan gida, maƙwabci ne ke shiga.

Kuma ka dubi halin da muke ciki. Tun 2015 jihar Diffa take cikin tashin hankali. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa yankunan Gidan Runji da Madarunfa, wasunsu an kashe nasu a gaban idonsu. Tilaberi da arewacin Tawa ba sai an faɗa maka ba. Mun ba su hatsi da tabarma, Allah ya saka wa duk wanda ya bayar. To matar da take firgita duk lokacin da ta ji ƙarar babur, da yaron da ya daina magana, wa ya zauna da su? Ga kuma matasanmu da Tramol ya cinye, ɗan kabu-kabu da lebura da suka fara sha don su jure aiki har ya zama ba sa iya tashi sai da shi. Shan haramun ne, ba mai sassautawa. Amma wanda ya riga ya faɗa rijiya igiya yake bukata, wa'azin hatsarin rijiya sai ya fito. Ga mai jego da ta kasa ɗaukar jaririnta tana kuka ba dalili, dangin miji na cewa sangarta ce, alhali ciwo ne sananne da ke samun mata bayan haihuwa, kuma yana warkewa in an kula.

Za ka ce da ni, to mu ba likitoci ba ne. Gaskiya ne, kuma likitocin wannan fanni a ƙasarmu ƴan ƙalilan ne, mafi yawansu a Yamai, inda sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa, wanda aka fi sani da Pavillon E, yake karɓar mutane daga nesa. Amma ka ji abin da aka yi a Zimbabuwe. Wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya rasa wata majinyaciyarsa da ta kashe kanta saboda iyalinta ba su da kuɗin motar kawo ta Harare. A 2006 sai ya tara tsofaffin mata 14 a unguwar Mbare, ya koya masu yadda ake sauraro da yadda ake taimaka wa mutum ya warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya, aka kafa masu benci na katako a harabar gidan likita. Ba su yi amfani da manyan kalmomi ba, da harshen Shona suke kiran ciwon, da kalmar da ke nufin yawan tunani. Zama shida ake yi da mutum. A binciken da aka buga a 2016 a kan mutum 573, bayan wata shida kusan 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da tsofaffin ne suka rage da alamomin ciwon damuwa, alhali a ɗaya rukunin kusan 50 cikin 100 ne. Tun kafin wannan, a 1954, Dakta Thomas Lambo a Aro kusa da Abekuta ya riƙa saukar da majinyata a gidajen mutanen ƙauye, kowa tare da wani ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana suna kwana cikin jama'a. Mu ma muna da tsofaffi, muna da benci, muna da inuwar bedi a ƙofar masallaci. Mun gaji gayya, iyayenmu sun yi samariya, ƴaƴanmu suna kwana a fada suna dafa shayi. Horon kawai ya rage.

Ga abin da nake ganin ya dace, kuma bai fi ƙarfin kowane masallacin unguwa ba. Liman da kwamiti su zaɓi mutum kaɗan, maza da mata, domin akwai ɗakin da namiji ba zai shiga ba kuma akwai maganar da mace ba za ta faɗa wa namiji ba. A je gidan likita mafi kusa a roƙi ma'aikacin lafiya ya zo ya zauna da su, ya nuna masu alamomi, ya gaya masu ina ake kai wa da kuma ranar da ake gani. A ware wani abu daga asusun masallaci, ko jika biyu ko uku ne a mako, don kuɗin mota da na magani, saboda yawancin waɗanda suka koma gidan jiya katsewar magani ce ta mai da su. Su kuma waɗannan masu sa kai su san iyakarsu: ba su rubuta magani, ba su ce wa kowa ya daina shan nasa, ba su yanke cewa wannan iska ce wancan ciwo ne. In mutum ya ambaci kashe kansa, ko da cikin raha ne, ba a barinsa shi kaɗai, a kawar da igiya da maganin ƙwari da wuƙa daga kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar. Tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin haka ba ta cusa masa tunanin, sau da yawa ita ce take buɗe masa baki.

Sharaɗin da ya fi duka nauyi shi ne riƙon sirri, kuma a nan ne nake jin tsoronmu. In aka sa mai sakin baki cikin wannan aiki, gara ba a fara ba. Magana ɗaya ta fita daga zaure ta isa fada, ba wanda zai sake buɗe ƙofarsa, kuma wanda ya fitar da ita ya haɗa cin amana da giba a lokaci guda. Kada a ɗauki hoton majinyaci a watsa a WhatsApp da sunan neman taimako. Kada a kira sunan gida a lasifika. Dalilin da ya sa iyalai ke ɓoyewa ai sananne ne: tsoron kada a ce gidan wane akwai hauka, ƴan matan gidan su rasa masu nema. Wannan tsoro ba na banza ba ne, mu ne muka haifar da shi da bakinmu. Malaman Malikiyya sun sa taɓin hankali cikin aibobin da ke ba miji ko mata zaɓi in an ɓoye masu kafin ɗaurin aure, don haka wanda zai aura yana da haƙƙin a gaya masa gaskiya game da wanda zai aura. Amma wannan haƙƙin mutum ɗaya ne a kan mutum ɗaya. Bai ba unguwa izinin yanke wa ƙannensa da ƴaƴan baffansa hukunci ba, bai kuma hana wanda ya warke ko yake riƙe da maganinsa ya yi aure, ya yi kasuwanci, ya tsaya a sahu ba.

Akwai wani bawan Allah a unguwar da na taso, tela ne, ciwon ya kama shi yana da ƙuruciya, aka kai shi aka yi magani ya samu sauƙi. Ya dawo ya buɗe shagonsa. Shekara guda cur ba wanda ya kai masa ɗinki, har waɗanda suka yi ta zuwa gaishe shi a asibiti. Ni ma ban kai ba, kuma a lokacin ban ga laifina ba. Daga baya ya sayar da keken ya bar garin. Duk lokacin da na ji ana cewa ai masu wannan ciwo ba sa komawa daidai, shi nake tunawa, domin shi ya koma, mu ne muka ƙi karɓarsa.

Ranar 10 ga Oktoba ce ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya tun 1992, kuma zai yi kyau limamanmu su sa wannan batu a huɗubar Juma'ar da ta fi kusa da ita. Amma kai ba sai ka jira Oktoba ba. In ka fito sallar asuba gobe, ka tsaya wurin mutumin nan na gindin bango, ka yi masa sallama, ka tambayi dattawan unguwa sunansa da gidansu. In ka ga yara suna jifansa ka tsawata masu, ka fara da naka. Sannan ka sami liman bayan isha'i, lokacin da jama'a suka ragu, ka karanta masa wannan saƙo, ku fitar da sunayen mutum uku.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya kuma yafe mana abin da muka gaza a kansu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.